Gonar Orioles: yaran da aka ce su ne na ɗaya, ina abin da aka girbe?

BabanKhalifa_MD
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma da ɗan haushi a cikinta, ku yi haƙuri. Shekara uku a jere, 2022 da 2023 da 2024, duk sanda mujallar Baseball America ta fitar da jerin yara ɗari masu tasowa a wasan besbol, ɗan Orioles, ƙungiyar garin Baltimore, ne a sama: Adley Rutschman, sai Gunnar Henderson, sai Jackson Holliday. Aka cika mana kunne cewa gonar Baltimore babu kamarta a duk Amurka. To ga 2025 ta wuce. Wasa 75 muka ci, muka sha kashi a 87, mu ne kurar baya a rukuninmu, koci Brandon Hyde ma tun watan Mayu aka sallame shi. A zagayen fitar da gwani kuwa ko wasa ɗaya ba mu ci ba: Texas ta share mu uku babu ko ɗaya a 2023, Kansas City ta yi mana biyu a 2024.

Su masu jera yaran nan, me suke gani ne? Sana'a ce ta gaske ko duba ne da bugun ƙasa? Kuma in ku ne, wa za ku ɗora a sama cikin yaran da suka rage a gonar yanzu?

Sarkin_Shakka
Wa alaikumus salam. Duba ne, Baban Khalifa. Bambancinsu da mai bugun ƙasa shi ne su suna da kwamfuta.

Malam_Lissafi
Sarki ka fara. Baban Khalifa, ka tsallake 2023 kamar ba a yi ta ba. Ƙungiyar da ta faɗi wasa 115 a 2018, ta faɗi 108 a 2019, ta faɗi 110 a 2021, ita ce ta ci 101 a 2023. Su wa suka ci mata? Ba sayo su aka yi ba. Henderson ya ɗauki kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa a shekarar, babu alƙali ɗaya da ya ba wani ƙuri'ar farko. A 2024 ya buga homron 37, wato bugun da ƙwallo take tsallake katangar fili. In wannan duba ne, ina son lambar bokan.

Sarkin_Shakka
Malam, Henderson da kake tinƙaho da shi, na 42 aka ɗauke shi a zaɓen 2019, wanda ƙungiyoyi suke ɗaukar sababbin yara bi da bi. Wato an kira suna 41 kafin nasa, har da Orioles ɗin kanta da ta fara ɗaukar Rutschman. In da sun san abin da zai zama, da zai kai zagaye na biyu? Kai ka kawo mini hujja da bakinka.

Ummi_Sabuwa
Don Allah ku tausaya wa irinmu. Ni bara na fara kallon wasan nan saboda ɗana ya shiga ƙungiyar makarantarsu. Mece ce gona kuma? Na ɗauka yaro in an ɗauke shi sai kawai ya fara buga wa Baltimore.

Kawu_Bowie
'Yata Ummi, sannu da zuwa, zauna ki sha ruwa. Su Amurkawan ne da kansu suke ce mata gona, ba mu muka laƙa mata ba. Kowace babbar ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyi hawa huɗu a ƙarƙashinta. Na Orioles a kakar 2025: Delmarva a garin Salisbury ita ce ƙaramin A, sai Aberdeen babban A, sai ta garinmu Bowie ita ce AA, wadda suka mai da sunanta Chesapeake Baysox, sai Norfolk a Virginia, AAA, daga ita sai Baltimore. Ƙasa da waɗannan akwai sansani a Sarasota ta Florida da wani a Jamhuriyar Dominika, na yara ƙanana sosai.

Yaro zai iya shekara huɗu ko biyar yana hawan matakalar nan a cikin bas. Da yawansu ba sa kai wa ƙarshe. Wani dattijo Branch Rickey ne ya kafa tsarin a St. Louis Cardinals tun shekarun 1920, shi ne kuma wanda daga baya ya kawo Jackie Robinson Brooklyn a 1947.

Jerin da Baban Khalifa yake kuka da shi kuwa, 'yan jarida ne suke yi, irin su Baseball America da MLB Pipeline da FanGraphs da Baseball Prospectus. Sukan je kallo, su buga wa masu leƙen yara na ƙungiyoyi waya, su haɗa da alƙaluma. Jerin da ƙungiya take da shi a cikin gida daban yake, kuma ba a nuna wa kowa.

Ummi_Sabuwa
Na gode Kawu, Allah ya saka da alheri. To yaushe yaro yake fita daga jerin?

Malam_Lissafi
In ya wuce tsayuwar bugu 130 a babban gasa, ko zango 50 na jifa in mai jifa ne (wasa guda zango tara ne), ko kwana 45 a cikin 'yan wasan da ake fita da su. Daga nan ya zama babba, an cire shi. Shi ya sa gonar da ta yi kyau dole ta faɗo a jeri: yaranta sun gama makaranta. Gonar da take ta ɗaya shekara da shekaru ba tare da kowa ya fita ba, ita ce abin tsoro.

Zongo_Bronx
Ni ɗan Yankees ne, kallo ya kawo ni. Ku ci gaba da jifan juna, ina shan shayina.

BabanKhalifa_MD
Zongo, ba da kai ake ba. Malam Lissafi, na yarda da Henderson. Holliday fa? Dala miliyan 8.19 aka ba shi ranar sa hannu a 2022. Aka kawo shi babban gasa ranar 10 ga Afrilu 2024, a wasanmu a Boston, na bar aiki da wuri don in gani. Tsayuwa 34, bugu biyu kacal, sau 18 yana dukan iska har a kore shi. Kafin wata ya ƙare an mai da shi Norfolk. Wannan ne na ɗaya a duniya?

Kawu_Bowie
Bari in gaya maka abin da idona ya gani, tunda filin Bowie mintuna kaɗan ne daga gidana, kuma tikitinsa bai kai kuɗin ajiye mota a Camden Yards, filin Orioles, ba.

A damina ta 2023 Holliday ya biyo ta wurinmu, yana da shekara 19. Fuskarsa kamar ɗan sakandare da aka aiko shagon kusa da gida. Masu jifan da yake fuskanta wasu sun ba shi shekara biyar, wasu shida, wasu da gemu da 'ya'ya a cikin 'yan kallo. Abin da ya ɗaure mini kai ba bugunsa ba ne, ƙin bugunsa ne. Ƙwallo za ta taho kamar za ta shiga, a taku na ƙarshe ta karkace waje da faɗin yatsa biyu, yaron nan ko kafaɗa ba zai motsa ba. A shekarar ya hau hawa huɗu, daga Delmarva har Norfolk, matsakaicin bugunsa .323, wato bugu 323 a cikin tsayuwa dubu, kuma sau 101 aka ba shi tasha ta ɗaya kyauta don ya ƙi bin ƙwallon banza.

Akwai layin kujeru a bayan mai cafka, wato wanda yake tsugunne a bayan mai bugu yana cafke ƙwallo, nan masu leƙe suke zama. Za ka gane su: hula mai faɗi, riga mai dogon hannu duk zafi, bindigar auna gudu a hannu ɗaya, agogon daƙiƙa rataye a wuya, littafi a kan gwiwa. Ba sa tafi, ba sa ihu. In mai jifa ya ɗaga ƙafa sai ka ga bindigogi sun tashi tare kamar an ba da umarni, ƙwallo na shiga safar mai cafka su sauke, kowa ya rubuta. Wata rana na zauna kusa da wani dattijo cikinsu. Wani yaro ya buga homron mai nisa, filin ya kaure, na juya in ga me zai rubuta, bai rubuta komai ba. Zango biyu bayan haka yaron ya buga ƙwallo a ƙasa aka fitar da shi cikin sauƙi, sai ga dattijo ya danna agogo yana rubutu. Na kasa haƙuri na tambaye shi. Ya nuna mini da hannu cewa ƙwallon homron ɗin ta zo a hankali ne, a tsakiya, irin wadda ba za a ba shi ba a sama. Abin da ya zo aunawa shi ne daƙiƙa nawa yaron yake yi daga bugu zuwa tasha ta ɗaya.

Tun ranar na daina karanta allon sakamako kamar shi ne labarin.

Hajiya_Towson
Kawu, wannan labari ya yi daɗi, amma bai amsa Baban Khalifa ba. In idonsu ya kai haka, me ya hana su hango dukan iska 18 ɗin?

Malam_Lissafi
Hajiya, saboda tsayuwa 34 ba komai ba ce. Wasa goma ne. Ɗan wasa na yau da kullum yakan tsaya sau 600 a kaka. Mike Trout da aka fara kawo shi a 2011, yana ɗan 19, .220 ya buga a wasa 40. Da a nan zauren ne da an yi masa jana'iza. Holliday an haife shi Disambar 2003. Ya dawo ranar 31 ga Yuli 2024 ya buga homron da tasoshi a cike, ƙwallon ta faɗa titin Eutaw da ke bayan filin. A 2025 ya yi homron 17 yana ɗan 21. Tsaransa da yawa a shekarun nan suna Aberdeen ko suna jami'a.

Abin da jeri yake faɗa ba "wannan ya fi kowa yau" ba ne. Cewa yake yi, in aka ba ka zaɓin yaro ɗaya ka riƙe na shekara shida, wa za ka ɗauka. Shi ya sa shekaru suka fi komai nauyi. Ɗan 19 da ya buga .270 a AA ya fi ɗan 25 da ya buga .320 a wuri ɗaya, nesa ba kusa ba.

Dogo_Damagaram
Ni daga nan Zinder nake bin ku, a waya nake kallon taƙaitattun wasanni da asuba saboda bambancin lokaci. Akwai abin da nake gani a rubuce, wane 60 ne a ƙarfi, 45 a gudu. Lissafin a kan ɗari ne? Don in a kan ɗari ne ai 45 ya faɗi jarrabawa.

Malam_Lissafi
A'a Dogo, ma'aunin daga 20 yake zuwa 80. 50 shi ne matsakaicin ɗan babban gasa, ba matsakaicin mutum a titi ba, ka lura da wannan. 60 ya fi tsara, 70 gwani ne, 80 kuwa 'yan kaɗan ne a duniya. Masu bugu abu biyar ake auna musu: iya haɗa sanda da ƙwallo, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili, da ƙarfin hannu wajen jifa. Mai jifa kuma kowace irin jifa tasa da makinta, sai a ƙara da iya sa ƙwallo inda yake so.

Gudu shi ya fi sauƙi, agogo ne. Mai bugu da dama in ya kai tasha ta ɗaya a daƙiƙa 4.3 matsakaici ne, 4.0 kuwa 80 ke nan. Bahago ana rage masa ɗigo ɗaya don ya fi kusa da tashar. Mai cafka ana auna daga shigar ƙwallo safarsa zuwa isarta tasha ta biyu, wajen daƙiƙa 2 shi ne daidai. Wanda yake ba kowa kunya shi ne na farkon, iya bugu. Babu agogon da zai gaya maka yadda yaro zai yi ranar da ya haɗu da mai jifan da yake lanƙwasa ƙwallo a gudun mil 90 kuma ya san rauninsa tun daga bidiyo.

Sarkin_Shakka
Ka ga ni ba. Huɗu suna da agogo, na biyar da ya fi su duka amfani shi ne ake bugun ƙasa a kansa. Albert Pujols zagaye na 13 aka ɗauke shi a 1999, na 402. Mike Piazza zagaye na 62 a 1988, kuma yana zauren gwarazan tarihi yanzu. Shi kansa Mike Elias da yake riƙe da Orioles tun ƙarshen 2018, yana sashen leƙen yara na Houston lokacin da suka ɗauki Mark Appel na ɗaya a 2013. Appel sai 2022 ya taka babban gasa, a Philadelphia, ya yi 'yan wasanni. A 2014 kuma Houston ɗin suka ɗauki Brady Aiken na ɗaya, ko hannu bai sa ba.

Malam_Lissafi
Kuma Houston ɗin ce ta ɗauki Carlos Correa na ɗaya a 2012, Elias yana cikin waɗanda suka dage a kansa. Me ya sa ka tsallake shi? Kana tuna Pujols ne don shi kaɗai ne. Sauran da aka ɗauka a zagaye na 13 na shekarar, kawo mini suna biyu ba tare da ka duba waya ba.

Zongo_Bronx
Tunda ana tonon asiri, mu ma muna da namu. Brien Taylor, na ɗaya a 1991, bahago mai jifa kamar harsashi. Ya ji ciwo a kafaɗa a wata rigima da ba ta filin wasa ba a 1993, bai taɓa taka babban gasa ba. Tsofaffin 'yan Yankees har yau in an ambace shi sai su girgiza kai. Wannan wane ma'auni ne zai hango shi?

Hajiya_Towson
Irin wannan ne ya sami Heston Kjerstad, sai dai shi ciwo ne daga Allah. Na biyu aka ɗauke shi a 2020, sai aka gano kumburin tsokar zuciya, bai buga wasan gona ba sai tsakiyar 2022. Shekara biyu na koyo sun tafi. Ni in na ga ana zaginsa a intanet raina ɓaci yake. Yaron ya tsira da ransa ma ai an gode Allah.

Amma ni matsalata da gonar nan daban ce, kuma babu wanda ya taɓo ta. Ku kirga sunayen da ake ta ambata: Rutschman, Henderson, Holliday, Kjerstad, Cowser, Westburg, Mayo, Basallo. Duka masu sanda ne. Ina masu jifa? Daga 2019 har 2025 Elias bai ɗauki mai jifa ko ɗaya a zagayen farko ba. Grayson Rodriguez ma gadonsa ya yi, a 2018 aka ɗauke shi kafin ya zo, kuma ga shi an tura shi Angels an karɓo Taylor Ward bayan shi Rodriguez ɗin ya yi kaka guda cur bai jefa ƙwallo ba. Gonar da aka shuka gero zalla, ranar da aka nemi miya sai an je kasuwa. Jerin bai yi ƙarya ba da ya ce geron ya yi kyau. Bai dai ce akwai kuka da daddawa ba.

BabanKhalifa_MD
Hajiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Wallahi wannan ne.

Kawu_Bowie
Hajiya, ki bari in kare su kaɗan, don ni na ga zamanin da aka shuka masu jifa. Ku yara ba ku nan. Wajen 2009 aka ce mana ga rundunar ceto nan tafe: Brian Matusz, Chris Tillman, Jake Arrieta, Zach Britton. Duk sun biyo ta Bowie. Sai Dylan Bundy da aka ɗauka na huɗu a 2011, yana ɗan 19 ya taka Baltimore a 2012, shekara na zagayowa aka yi masa aikin gwiwar hannu, irin wanda ake kira da sunan Tommy John. Britton sai da aka mai da shi mai rufe wasa, wato mai jifan zangon ƙarshe, sannan ya zama gwani. Arrieta kuwa, nan ne abin kuka. Aka gaji da shi aka ba Chicago Cubs a 2013, a 2015 ya ɗauki kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa. Wato masu leƙe sun yi daidai a kansa, masu renon ne suka kasa.

Hannun mai jifa kamar igiyar guga ne, kullum tana cikin rijiya, ba ka san ranar tsinkewa ba. Kyle Bradish an yi masa aikin a 2024, Félix Bautista a 2023. In aka yi, shekara guda zuwa ɗaya da rabi ta tafi. To mai kuɗin da ya ce zai zuba miliyoyinsa a kan masu sanda ya sayo masu jifa daga baya, ba hauka ya yi ba.

Hajiya_Towson
Kawu, ranka ya daɗe, na ji. Amma in ka ce za ka saya daga baya, sai ka saya. Corbin Burnes kaka ɗaya ya yi mana, 2024, aka ba da Joey Ortiz da DL Hall a kansa, ya tattara ya tafi Arizona. Bayan shi wa aka kawo mai nauyinsa?

Dan_Pikesville
Ku bar maganar Burnes, cinikin da ya hana ni barci shi ne na Trevor Rogers. Yulin 2024 aka ba Miami Kyle Stowers da Connor Norby. Rogers ya zo ya yi wasa huɗu ana dukansa kamar ganga, aka tura shi Norfolk. Stowers, wanda a wurinmu kullum yana hanyar Norfolk da jaka a kafaɗa, ya je can ya shiga wasan taurari na 2025. Na yi rantsuwa a wannan zauren cewa an cuce mu.

Sai Rogers ya dawo a 2025 ya zama shi ne mai jifan da ya fi kowa a ƙungiyar, ana cin sa ƙasa da maki biyu a zango tara. Yanzu ban san wa ya cuci wa ba. Na yi kaffara dai.

Malam_Lissafi
Dan Pikesville, labarin Stowers ɗin nan yana koyar da wani abu game da jeri. A gonar da ta cika, yaro na takwas ko na tara zai iya zama na biyu a wata gonar. Ba shi da wurin tsayawa ne kawai, ga Cowser ga Kjerstad ga Santander ga Mullins a gabansa. Kuma doka ba ta barin ka ɓoye yaro har abada. Wanda ya sa hannu yana 18 ko ƙasa, bayan kaka biyar dole ka sa shi cikin mutum 40 na babban rajista, wanda ya sa yana 19 ko sama bayan huɗu. In ba ka sa shi ba, a zaɓen watan Disamba wata ƙungiya za ta ɗauke shi da dala 100,000. Santander kansa ta wannan ƙofa muka ɗauko shi daga Cleveland a 2016, ya zo ya buga mana homron 44 a 2024.

Ummi_Sabuwa
Ni tausayin yaran ya kama ni. Waɗanda ba a ba miliyoyi ba, me suke ci?

Kawu_Bowie
Da can wahala ce tsagwaronta, 'yata. Mutum biyar shida a ɗaki ɗaya da katifun iska, in kaka ta ƙare su nemi aikin shago. Tun 2022 aka ɗora wa ƙungiyoyi ba su masauki, a 2023 kuma suka sami yarjejeniyar ƙwadago ta farko. Mafi ƙarancin albashin AA ya tashi daga dala 13,800 zuwa 30,250 a shekara, na AAA daga 17,500 zuwa 35,800. Amma kafin nan, a 2021, an rage ƙungiyoyin gona daga 160 zuwa 120. An ƙara tuwo, an rage masu ci.

Sarkin_Shakka
Kuma irin wuraren da aka rage ɗin ne mutum kamar Bautista yake laɓewa har ya nuna. Miami ta sallame shi yana yaro, Orioles ta tsince shi a 2016, ya yi shekaru a ƙasan gona babu mai kallonsa, sai 2022 ya fito yana ɗan 26 yana jifa mil 100. A 2023 shi ne gwarzon masu rufe wasa na gasarmu. Wane jerin ɗari ne ya taɓa sa shi? Malam, amsa.

Malam_Lissafi
Babu. Na ba ka wannan.

Zongo_Bronx
A rubuta ranar nan, Malam ya sallama.

Dogo_Damagaram
Tambaya ta gefe: akwai 'yan Afirka a gonakin nan kuwa? Don mu nan ko sandar ban taɓa gani a kasuwa ba.

Dan_Pikesville
Akwai kaɗan. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya buga wa Pittsburgh a Afrilun 2017, bayan shekaru a gona. Dodgers suna da makarantar horo a Yuganda, sun sa wa yara biyu hannu daga can a 2022, Pittsburgh ma ta ɗauki wani mai jifa ɗan Yuganda, David Matoma. Amma kasuwar yara ta waje tana Dominika da Benezuwela ne. Orioles ta daɗe tana raina kasuwar nan, sai zamanin Elias aka shiga da gaske. Samuel Basallo shi ne ɗan fari: Janairun 2021, dala miliyan 1.3, yana ɗan 16.

BabanKhalifa_MD
Yauwa, mun dawo kan tambayata ta biyu da kowa ya gudu ya bari. Wa kuke sa wa a sama yanzu?

Malam_Lissafi
Basallo, kuma tazarar da nisa. An kawo shi Agustan 2025 kwanaki kaɗan bayan ya cika 21, cikin mako guda aka ba shi kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 67. Wannan ita ce hanya ɗaya da za ka leƙa jerin cikin gida: ka dubi inda suka zuba kuɗi. Ƙarfin bugunsa babu gardama. Gardamar ita ce ko zai zauna a mai cafka ko jikinsa zai kai shi tasha ta ɗaya. In mai cafka ne, ko matsakaicin bugu ya yi tauraro ne. In tasha ta ɗaya ce, dole ya yi ta zuba homron kafin a ce ya biya kuɗinsa. Bayansa ni Dylan Beavers nake sa wa, saboda idonsa, ba ya bin ƙwallon banza.

Kawu_Bowie
Ni ina da rauni a kan Enrique Bradfield. Na 17 aka ɗauke shi a 2023, daga jami'ar Vanderbilt. In ya tashi daga tasha ta ɗaya mai cafka ma wani lokaci ba ya wahalar da hannunsa. Gudu 80, tsaron tsakiyar fili kuma sai ka gani. Na san ƙarfin bugu babu, kada Malam ya karanto mini. Amma na ga ƙwallon da kowa a filin ya riga ya lissafa ta faɗi, yaron nan ya tsaya a ƙarƙashinta yana jira.

Sarkin_Shakka
Kawu, ba a satar tasha ta ɗaya. Sai ka buga ka isa can tukuna. Ga Vance Honeycutt nan, na 22 a 2024, gudu akwai, ƙarfi akwai, tsaro akwai, huɗu cikin biyar. Ya je Aberdeen ya kasa kai .200, dukan iska kamar mai korar sauro. Na biyar ɗin nan dai da na ce.

Kawu_Bowie
Filin Aberdeen ya saba cin masu sanda. Henderson ma da ya isa can a 2021 ya yi makonni kamar bai taɓa riƙe sanda ba.

Hajiya_Towson
Kun gani ko? An tambaye ku na sama, kun kawo huɗu, babu mai jifa ko ɗaya. Ni na tafi ɗora tukunya.

BabanKhalifa_MD
Hajiya a sa da mu. Malam, na karɓi maganar shekarun Holliday, zan ba shi kaka biyu. Amma Rutschman fa, wanda tun tsakiyar 2024 sandarsa ta yi sanyi, 2025 kuma ciwo ya cinye? Shi ba yaro ba ne, an haife shi 1998. Matt Wieters ma mai cafka ne, shi ma na ɗaya a jerin 2009, ya yi wasa mai kyau amma bai zama abin da aka yi mana alkawari ba. Ko dai tsugunon nan na zango tara kullum yana cin mutum ne, masu jeri ba sa sa shi a lissafi? In haka ne me zai hana Basallo bin sawunsu?

Malam_Lissafi
Wannan tambayar ta fi ta farko. Bari in tattaro alƙaluman masu cafka da aka taɓa sa wa a goman farko, in na dawo daga aiki zan saka.

Sarkin_Shakka
Ka haɗo da waɗanda ba a sa ba.